Wane Abin Wasa Za Mu Saya Wa Yaro Bana?

Kaka ta yi, an yanke dawa, kara kuwa ya bushe. Duk wanda ya bi ta Ƙofar Sauri da la'asar a 'yan kwanakin nan zai ga abin da muke gani kowace shekara. Yara maza suna tsugune a gindin katanga, kowa da guntun kara a hannu, suna ɓare bayansa da haƙori, suna lanƙwasawa, suna sokawa a cikin totuwa. Kafin magariba sai ka ga mota ta fito, da ƙafafu huɗu da aka yanko daga tsohon silifa, da ƙofa, da wurin zaman direba. Wani ma har ya ɗora mata kaya, ya ce Jibiya za ta. Ba wanda ya ba su ko kwabo, ba kuwa wanda ya zaunar da su ya koya musu, sai dai ƙarami ya zura wa babba ido.

A daidai wannan lokaci ne kuma masu sayar da kayan yara a kasuwa suke ƙaro kaya domin Kirsimeti da sabuwar shekara. Ga motocin roba masu jiniya, ga 'yan tsana masu kuka, ga bindigogi, ga kuma wani abu mai kama da kwamfuta wanda in an taɓa shi yakan kira haruffan Turanci. Mu da muke koyarwa a makarantar ikkilisiya mun san abin da ke biye. Bayan an tashi sujada sai iyaye su tare mu a bakin ƙofa su ce, "Malam, me zan saya masa wanda zai buɗe masa kai?" Tambaya ce mai kyau, ta kuma cancanci amsa wadda ta fi ta bakin ƙofa tsawo, gama abin hannu ya yi wuya, kuɗin da aka kashe a kan abin banza kuwa daga bakin tukunya aka cire shi.

Bara wata 'yar'uwa a ikkilisiyarmu, mai ɗinki ce, ta tara kuɗi har suka kai na tiya uku ta shinkafa, ta sayo wa ɗanta mai shekara huɗu irin wannan kwamfutar ta yara. Ta kawo mana ita da murna ta ce, "Malam, dubi, har karatu take koyarwa." Ba mu so mu kashe mata jiki ba, muka ce Allah ya sa albarka. Yaron ya yi kwana uku yana danna maɓalli, abin yana ta surutu, har mutanen gida suka gaji. Batir ya ƙare, aka saya, ya sāke ƙarewa. Kafin sabuwar shekara murya ta shaƙe, fitila ta mutu, aka jefa ta a kan kabad. Da yaron ya dawo makaranta muka gwada shi. Yana iya rera haruffan daga farko zuwa ƙarshe kamar waƙa, amma da muka rubuta harafi ɗaya a allo muka ce wannan fa, sai ya yi shiru.

Abin da aka rubuta a kwali

Kusan kowane kwalin abin wasa yana ɗauke da rubutun Turanci mai cewa abin da ke ciki yana ƙara wa yaro basira. Mu tuna fa, mai sayarwa ne ya rubuta, kowane mai talla kuwa kayansa yake yabo. A Amurka ma an ruɗi iyaye da irin wannan. Akwai waɗansu fayafayan bidiyo da ake kira Baby Einstein, waɗanda iyaye da yawa suka saya suna tsammani za su sa jarirai su yi saurin wayo. Da masu kare haƙƙin yara suka matsa a kawo shaida, a shekarar 2009 kamfanin Disney, wanda yake da su a lokacin, ya yarda ya mayar wa masu saye kuɗinsu.

Saboda haka kada mu tsaya karanta kwali. Mu ɗauki abin a hannu, mu yi wa kanmu tambaya guda: wa zai yi aikin, yaron ko abin wasan? In abin wasan ne zai yi magana, ya yi waƙa, ya yi tafiya, ya kunna fitila, to, me ya rage wa yaron? Danna maɓalli da kallo. Amma in abin yana zaune shiru har sai yaro ya ɗauka, ya jera, ya auna, ya rushe, ya sāke ginawa, to, hannunsa da idonsa da tunaninsa duka sun sami aiki. Mai motar kara a Ƙofar Sauri dole ya gane cewa in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya girma motar za ta karkace. Ba wanda ya kira wannan lissafi, amma lissafi ne.

Manyan malaman da suka fara nazarin wannan al'amari haka suka gani. Friedrich Froebel, wani Bajamushe ɗan fasto, shi ne ya kafa makarantar ƙananan yara wadda a 1840 ya sa wa suna "lambun yara". Kayan da ya ba yaran ya kira su kyautai. Ta fari ƙwallaye ne shida masu laushi na zaren ulu. Wata kuwa guntun katako ne mai kusurwa huɗu da aka raba gida takwas, yaro ya wargaza ya mayar, ya gina kujera, ya gina rijiya, ya gane rabi da kwata tun bai san sunansu ba. A 1907 wata likita 'yar Italiya, Mariya Montessori, ta buɗe gidan yara a wata unguwar talakawa a birnin Roma. Ta yanka haruffa daga takarda mai kaushi irin wadda kafinta yake goge katako da ita, domin yaro ya bi harafi da yatsa yana kiransa. Ta kuma sa su ɓalla maɓallin riga, da zuba ruwa daga wannan mazubi zuwa wancan, da shara. Ko Lego ɗin nan da ake sayarwa da tsada, wani kafinta ne a ƙasar Denmak ya fara da sassaƙa kayan wasa na katako a 1932, tubalin roba mai maƙalewa irin na yanzu kuwa sai a 1958 aka yi masa rajista. Abin da ya sa ya daɗe a duniya shi ne ba ya yin kome da kansa.

Wa yake zaune kusa da yaron?

Akwai tambaya ta biyu, ta ma fi ta fari nauyi. Bari mu ba da labarin wani bincike da aka yi a Kingston, babban birnin Jamaika, tun daga 1986. Likitoci suka zaɓi yara 129, 'yan wata 9 zuwa wata 24, dukansu 'ya'yan talakawa waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Aka raba su kashi-kashi. Waɗansu aka riƙa ba su madara. Waɗansu kuwa aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako, ta zauna sa'a guda tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta yi masa magana, ta kira masa sunayen abubuwa, ta yabe shi in ya yi daidai. Kayan wasan da ake kaiwa na gida ne, an yi su da robobi da kwalaye da ƙyallaye irin waɗanda mukan zubar. Aka yi shekara biyu ana haka, sa'an nan aka daina.

Bayan shekara ashirin aka bi sawun yaran, sun zama samari da 'yan mata masu neman na kansu. Sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wasa da su suna samun kuɗin shiga wanda ya fi na takwarorinsu da kashi 25 cikin ɗari. Madarar ta taimaki jiki a lokacinta, amma ba ita ce ta bar wannan alama ba. Ku duba fa, kayan wasan daga shara aka tsinto su. Abin da ya yi aikin shi ne uwa a zaune a tabarma, tana magana da ɗanta.

Wani ƙaramin bincike a jihar Arizona ta Amurka, wanda aka buga a ƙarshen 2015, ya taɓa wannan magana ta wani gefe. An ɗauki muryoyin iyaye 26 suna wasa da jariransu a gida. Sa'ad da abin wasan mai batir ne mai magana, iyayen sukan rage magana, jariran ma haka. Sa'ad da guntayen katako ne sai hira ta ƙaru, littafi mai hotuna kuwa shi ya fi duka jawo magana. Wannan bai ba mu mamaki ba. In baƙo mai surutu ya shigo ɗaki, masu gida sukan yi shiru.

Mu masu bi bai kamata wannan ya zama mana sabon abu ba. A Maimaitawar Shari'a sura 6, iyaye ne aka ɗora wa koyar da 'ya'ya, a zaune a gida da kuma a kan hanya, safe da dare. Annabi Zakariya, a sura 8, da yake kwatanta Urushalima wadda Ubangiji zai komo da ita, ya lissafta wasan yara maza da mata a tituna cikin alamun salama. A Matiyu sura 11 kuma mun ga Ubangijinmu Yesu ya lura da yara a kasuwa suna kwaikwayon biki da makoki, har ya yi misali da su. Wanda bai tsaya ya kalli wasan yara ba, ba zai iya kawo wannan misali ba. Mu kuwa iyaye maza, sau nawa muka tsaya? Da yawanmu mun ɗauka zama a ƙasa da yaro zubar da girma ne, sai mu sayo abu mai tsada mu miƙa masa mu fita, muna ganin mun sauke nauyi.

Abin da muka gāda

Kafin mu tafi kasuwa, ya kamata mu duba abin da ke gida. Carabke da 'yan mata suke yi da tsakuwa, a jefa ɗaya sama a kwashe ɗai-ɗai, sa'an nan bibbiyu, sa'an nan uku-uku, ƙirga ce da haɗa ido da hannu. 'Yar gala-gala da langa suna koya wa jiki daidaito. Tuwon ƙasa da 'yar tsana suna koyar da magana, gama yarinya ba ta yin su shiru, tana yi tana faɗa, tana lallashi, tana ciniki. Kacici-kacici da tatsuniya ba su bukatar ko tsinke. Gare da ake korawa da sanda ya ishi yaro gudu na yini guda.

Dara kuwa, wadda mukan raina domin muna ganin ta a wurin masu zaman gindin bishiya, makaranta ce sosai. Gurabu talatin a ƙasa, layi biyar shida-shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsinke, wancan tsakuwa. Kana neman ka jera uku ka ci na abokinka, kana kuma tsaron kada ya jera nasa. Yaron da ya iya dara ya koyi duban abin da zai faru bayan taku biyu ko uku, ya koyi jiran lokacinsa, ya kuma koyi a cinye shi bai yi kuka ba. Mun gwada ta a aji huɗu a lokacin hutun tara, muka kuwa ga waɗansu yaran da ake ce musu daƙiƙai a lissafi suna cinye malaminsu. Wannan ya sa muka sāke duban yadda muke koya musu.

Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da abin da za mu lura da shi. Allon da yaro yake karatu da shi guntun itace ne da masassaƙi ya gyara, a rubuta, a wanke, a sāke rubutawa, shekara da shekaru, wa ya bar wa ƙane. Ba batir, ba lalacewa. Mu ma kafintan unguwa zai iya yanka mana guntun falanki, a shafa masa baƙin fentin allo irin na makaranta, a ba yaro alli.

Ba muna cewa kada a sayi kome ba. Akwai abin da gida ba ya iya yi, kuma yaro yana da haƙƙin ya yi murna da sabon abu ran Kirsimeti kamar 'yan'uwansa. Sai dai a saya da ido.

Gwargwadon shekaru

Jariri har zuwa shekara biyu, duk abin da ya kama baki zai kai. Abin da yake bukata shi ne mai girma, mai laushi ko santsi, mai wankuwa: ƙwallon tsumma da aka ɗinke da kyau, ƙananan ƙoƙuna ko kofunan roba masu shiga cikin juna, ludayi da murfin tukunya. A wannan shekaru asarar kuɗi ce a sayi abu mai batir.

Daga shekara uku zuwa biyar, a nan ne muke roƙon iyaye su yi ƙoƙari. In abu ɗaya tak za a samu, to, a samu tubalan gini. A je wurin kafinta a roƙi ragowar katako, ya yanka su daidai da juna, waɗansu su zama ninki biyu na waɗansu, ya goge su sumul. Guda talatin ko arba'in sun isa. Za su yi shekara goma a gida, yaran gidan duka su yi wasa da su, yau su zama kasuwa, gobe su zama ganuwa da ƙofofinta, a ce ga Ƙofar Ƙaura, ga Ƙofar Guga, ga Ƙofar Marusa. Bayan tubala sai fensir mai launi da takarda, ko da bayan tsohuwar kalanda ce. Haruffa kuwa gara a yi su a gida, domin waɗanda ake kawowa daga waje ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Yaya yaro zai jera "ƙofa" ko "ɗaki" da su? A yanka kwali, a zana harafi babba, a shafa jiƙaƙƙen ƙaro, a barbaɗa yashi mai laushi. In ya bushe, ga harafin Montessori ya samu, ba a kashe ko sisi ba.

Daga shekara shida zuwa sama ake fara maganar akwatunan aiki, watau kwalin da aka haɗa kayan yin wani abu a ciki, kamar duwatsun shirya abin wuya, ko lakar roba, ko kayan gwajin kimiyya. A nan sai a yi hankali. Da yawansu aiki ɗaya ne kawai a ciki, an riga an yanka kome, an zana kome, yaro ya manna bisa ga hoto, cikin rabin sa'a an gama, sai shara. Wanda ya fi shi ne wanda yake ba da kayan aiki da za su daɗe. Mu a ganinmu gara uba ya haɗa nasa akwatin: almakashi marar tsini, gam, rula, zare da babbar allura, gilashi mai ƙara girman abu, babban maganaɗisu, batir na tocila da ƙwai da guntun waya. Ya ƙara da ƙwayar wake da gwangwani, yaro ya shuka, ya auna tsawon tsiron kowace safiya ya rubuta. A makarantar Lahadi mun taɓa ba yara yumɓu da kara muka ce su gina jirgin Nuhu da dabbobinsa. Sai da aka yi gardama a kan ko raƙumi zai shiga ta ƙofar da suka yi, aka rushe aka faɗaɗa. Har yau ba su manta da labarin ba.

Kada kuma a ce tubala da waya na maza ne, tukunya da 'yar tsana na mata. Yarinyar da ba a taɓa barin ta ta gina kome ba, ita ce za mu tarar a aji shida tana tsoron lissafi. Sau da yawa ma ba abin wasa ta rasa ba, lokaci ta rasa, daga wanke-wanke sai reno sai aike, ɗan'uwanta kuwa yana waje.

Yawa ma ba shi ne ba. A jami'ar Toledo ta Amurka an gwada ƙananan yara 36, wani lokaci a ba su kayan wasa 4, wani lokaci 16. Da kayan suka zama kaɗan sai suka fi daɗewa a kan kowane ɗaya, suka kuma ƙirƙiro hanyoyi da yawa na wasa da shi. Wanda Allah ya hore masa, sai ya ɓoye rabi, bayan wata guda ya sauya.

Wayar hannu kuwa, wadda ta zama mai reno a gidaje da yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi.

Abin da zai iya kashewa

Yanzu sai mu yi maganar da ba ta da daɗi. Abin wasa yana iya kai yaro kabari, ya kamata kowace uwa ta san ta yaya.

Na fari, maƙalewa a maƙogwaro. Ga yaron da bai kai shekara uku ba, ƙa'idar da masu gwada kayan wasa suke bi ita ce, duk abin da zai shige bututu mai faɗin santimita uku da 'yan kai haɗari ne. A gida, ka haɗa babban yatsa da manuni ka yi zobe. Abin da ya wuce ta ciki, a ɗauke shi daga gaban ƙaramin yaro. A kasuwa ka ja idon 'yar tsana, ka murɗa ƙafar mota, ka ga ko za ta cire. In ka ga hoton fuskar jariri a cikin jan da'ira an ja mata layi, da lamba 0-3, ma'anarsa ba na ƙaramin yaro ba ne. Balan-balan da ta fashe ma a tsince guntayenta nan da nan, gama in ta manne a maƙogwaro da wuya a ciro ta. A gidan da akwai wa da ƙane, abin da aka saya wa wa yakan ƙare a bakin ƙane.

Na biyu, ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓallin riga ko kwabo, wanda ake sawa cikin kayan wasa masu fitila da waƙa. In yaro ya haɗiye shi ya tsaya a hanyar abinci, yana iya ƙone naman wurin cikin sa'a biyu kacal, alhali yaron bai nuna wata alama mai tsanani ba tukuna. Kada a sa shi amai, kada a ce bari a ga gobe. A ɗauke shi zuwa Babban Asibiti ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a take, a gaya musu abin da ya haɗiye. Duk abin wasan da murfin batirinsa ba a ɗaure yake da kusa mai murɗawa ba, a bar wa mai shago kayansa. Haka nan ƙananan maganaɗisu. In yaro ya haɗiye biyu, sukan kama juna ta cikin hanji su huda shi.

Na uku, gubar dalma a cikin fenti. A 2007 babban kamfanin nan Mattel ya janye kayan wasa masu ɗimbin yawa daga kasuwannin duniya domin an sami dalma a fentinsu. Mu a nan ba sai an gaya mana abin da dalma take yi ba. A 2010, a maƙwabciyarmu Zamfara, yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Wadda ke cikin fenti ba ta kai wannan yawa ba, amma kaɗan-kaɗan take taruwa a jiki tana dakushe ƙwaƙwalwa, ba ciwo, ba zazzaɓi. Ka ga an sayi abu domin ya buɗe kai, ya koma yana rufewa. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, tana da aikin duba kayan da ake shigowa da su, amma ba duk abin da ke kan tebur a kasuwa ne ya bi ta hannunta ba. Abin da ba shi da sunan mai yi, ko fentinsa yana fita in ka kankare da farce, ko robarsa tana wari mai hawa kai, a guje shi. Tubalan kafinta kuwa a bar su da launin itacensu, kada a shafa musu ragowar fentin gida.

Kayan da muke tsintowa ma suna da nasu. A daddaƙe bakin gwangwani kada ya yanka. Robar da aka taɓa zuba maganin feshi ko na ƙwari a ciki, ko an wanke ta sau goma, ba ta zama abin wasa ba.

Sai bindigar wasa. Mun san yara suna son ta, mu ma mun yi ta da kara muna yara. Amma mai harba 'yan ƙwayoyin roba tana tsiyaye ido, wannan kaɗai ya isa dalili. Bayan haka, mu da muke Jihar Katsina, inda aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, inda akwai 'yan'uwa a cikinmu da suka baro ƙauyukansu da gudu, ba mu ga yadda za mu yi bikin haihuwar Sarkin Salama da miƙa wa yaro bindiga ba. A filin makarantarmu mun taɓa jin yara suna rabon wa zai zama ɗan bindiga, wa zai kawo kuɗin fansa. Ba mu doke su ba, gama abin da suka ji ne suke kwaikwayo. Muka zauna muka yi magana da su. Amma ba za mu saya musu kayan aikin ba.

Akwatin ikkilisiya

Akwai abin da gida ɗaya ba zai iya saya ba amma gida ashirin za su iya: littattafai masu hotuna, taswirar duniya mai juyawa, hoton da ake wargazawa a sāke haɗawa, ko kwalin Lego guda. Shawararmu ga Zumuntar Mata da dattawa ita ce a sami akwatin ƙarfe mai makulli, a zuba irin waɗannan, a sami mutum ɗaya mai riƙon amana da littafin rubuta suna. Yaro ya ara ran Lahadi, ya dawo da shi Lahadi mai zuwa, a ƙirga a gabansa. A wurinmu teloli sun ba da ƙyallaye, mata suka ɗinka ƙwallaye da 'yan tsana, wani dattijo kafinta ya ba da tubala. 'Ya'yan maƙwabta da suke shigowa wasa da namu ba ma korarsu, yadda su ma ba sa korar namu ran Salla.

Kwamfutar nan ta ɗan mai ɗinki ta yi wata takwas a kan kabad. Da damina, wansa mai shekara goma ya roƙa a ba shi. Ya kwance ta da bakin wuƙa, ya ciro wayoyi da 'yar lasifika da gidan batir. Ya samo ƙaramin inji daga wata matacciyar motar wasa ta abokinsa, ya yanka fukafukai daga robar ruwa, ya kafa a kan murfin gwangwanin madara. Sau biyu ya haɗa wayar a juye, fankar tana tura iska baya. Ran Lahadin da ta yi daidai ya kawo ta majami'a a cikin aljihu, ƙanen yana biye da shi riƙe da batir. Uwar ta same mu a bakin ƙofa, tana dariya tana girgiza kai, ta ce, "Malam, bana kafinta zan je. Guda nawa ka ce a yanka?"